Barunje Ya Sayi Jirgi

Gaishe ka Barunje, ɗan Sarkin Fawa, angon jirgi.

Labarinka ya riga ka isowa Sakkwato. Wani direba mai ɗauko albasa daga Goronyo ne ya tsaya ƙofar shagona yana dariya har da riƙe ciki, ya ce bawana na Shinaka ya je gwanjon wata ma'aikata ya sayo jirgi. Na ce to mene ne abin dariya, ai mahauci na bukatar jirgin ban ruwan shanu. Ya rantse mini ba wannan ba, jirgin ruwa ne na gaske, na gorar ruwa, har da inji a gindinsa, kuma a kan amalanke aka shigo da shi gari yara na bi suna ihu.

Nan take na gane inda aka cuce ka. Ka ji ana ce wa ƙarfen gorar ruwa, sai ka ɗauka ɗan'uwan goran nan ne da kakannina ke kifawa su hau su ratsa gulbi da homa a hannu. Ba su haɗa dangi ba, Barunje. Wannan shi ne alminiyam, abin da ake zuba tukwanen tuwon gidanku da shi.

Da na zo na gani da idona, sai tausayin jirgin ya kama ni. Ga shi kife ƙarƙashin darbejiya bayan tukubarka, akuya ta samu inuwa, kaza ta samu wurin ƙwai. Kai kuwa ka yi masa abin da ka gada. Ka feɗe shi. Ka ciro kujeru ka jera gefe kamar haƙarƙari, ka ɓamɓare katakon gindi, sannan ka zaro soson da ke cushe ƙarƙashin kujerun ka ce wai kayan ciki ne, ka ba yara suka yi matashi. Wannan soson da ka raina shi ke riƙe jirgi a saman ruwa ran da ya cika. Amma ina laifinka? Duk zuriyarku ba a taɓa jin wanda ya mayar da sa yadda yake ba bayan ya buɗe shi. Ku gwanayen rabawa ne, haɗawa sai Allah.

Sai batun huji. Da na tambaye ka yadda ka gano inda yake yoyo, ka ce da ido. Ido! Ai ba saniya ba ce a kasuwar Achida da za ka latsa ƙugu ka faɗi nauyinta. Jirgi irin wannan ƙusoshi ne ɗaruruwa suka ɗinke shi, kuma tsufa kan sa su saki ɗaya bayan ɗaya ba tare da ido ya gani ba. Dabarar kuwa ko yaron masunta ya san ta: a ɗora shi kan turame, a zuba masa ruwa a ciki kamar kamu ɗaya, a shiga ƙarƙashi da alli, duk ƙusar da ta yi hawaye a zagaye ta. Bayan na gaya maka ka gwada, an ce ruwan da 'yan garuwa biyu suka juye bai kai la'asar ba, kuma yakuwar da ke gindin turamen ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne.

Maimakon ka kira ni, sai ka ja shi wurin mai waldar ƙofofi. Hujin da bai fi ƙwayar gero ba, kafin ƙiftawar ido ya zama wanda dunƙulen hannu ke wucewa. Ka tsaya kana salati kana cewa, “Wanga ƙarhe mi a shi haka?” Bari in karantar da kai kyauta. Baƙin ƙarfe yana da kunya, in ya ji wuta sai ya yi ja ya gargaɗe ka. Gorar ruwa ba ta ja. Tana kaiwa zafin digiri 660 sai ta zube kamar kitse a kan garwashi, alhali siririyar fatar da ke lulluɓe da ita ba ta narkewa sai zafi ya haura 2,000. Wato ciki ya riga ya zama ruwa, waje na nan kamar lafiya. Shi ya sa take da waldarta daban, mai iskar argon, kuma ba kowane mai tartsatsi a bakin hanya ke da ita ba.

Daga nan ka toshe ramin da faci, ka ɗaure da ƙusoshin baƙin ƙarfe da ka tsinto wurin bakaniken babur. Ka jira damina ɗaya ka ga farin gari na fitowa a kewayen kowannensu kamar kanwa. In ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu cikin laima, ɗaya ke cin ɗaya, kuma gorar ruwa ce abincin. Har na ji kana shawarar wanke shi da sodar da mata ke haɗa sabulu. Ka tambayi uwargida abin da soda ke yi wa tukunya, in ba ta kore ka daga madafa ba. Fentin ƙofa kore da ka shafa kuwa ba sai na ce komai ba, ya riga ya fara saɓa kamar maciji, don ba ka kankare ba, ba ka sa na share fage ba.

Amma ranar inji ita ce ranar da zan ba jikokina labari. Yamaha mai ƙarfin doki 15, ka ɗaure shi a jikin bencin da kake sara ƙashi, rabin Shinaka ta taru. Ka ja igiya sau talatin har rawaninka ya warware. Da ya tashi, ka ɗaga hannu kamar wanda ya kayar da Sarkin Dambe. Ba ka san akwai wata 'yar roba mai fukafukai a ƙafarsa ba, wadda ke zuƙo ruwa ta sanyaya shi, kuma in ta juya a bushe ko minti ɗaya ba ta kaiwa ta ƙone. Ana tsoma ƙafar inji a ganga kafin a tayar, sannan a duba ko yana fitsari ta baya. Injin da ba ya fitsari, kashe shi ake yi nan take. Naka hayaƙi ya yi, ka ce wai ƙarfi ne. Man ma cewa aka yi lita 1 ta baƙin mai cikin lita 50 ta fetur, kai kuwa ka barbaɗa da ido kamar yajin tsire. Ga fetur ɗin da tun 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi ba a zubar da shi a banza.

Kuma ina za ka da shi? Ka ce madatsar Goronyo. Ka san girman abin da kake ambata? An gama gina ta a 1984, aka buɗe ta a 1992, an yi ta ne ta riƙe ruwan Rima mai yawan kubik mita miliyan 942. Ba tafkin bayan kwata ba ne inda kuke wanke tumbi. Ta cika ta yi ɓarna a daminar 2010, garuruwa da gonaki suka tafi. Ta kuma janye a 2018 har abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, mutanen birnin Sakkwato suka shiga zullumin ruwan sha. Ƙarƙashinta akwai kututture da tudun rairayi da tarun mutane, kowanne na jiran farfelarka. Da irin saurin da kake yi ma, kafin ka gama rani ya yi, sai dai ka tuƙa shi cikin fadamar tafarnuwa har Wurno.

To, tsakanina da kai, kada ka bari 'yan tukuba su ji. Ba ka yi asara ba. Gorar ruwa nauyinta kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, gara ba ta cinta, ba ta ruɓa, mutum huɗu sun ɗaga jirgin. Na katako kuwa kullum cikin toshiya yake, ga manyan itatuwan da ake sassaƙa shi da su sun yi wuya. Ni da nake maka wannan iya yi, shekara ashirin rabona da filafili, tafin hannuna ya yi laushi kamar na mai sayar da atamfa. Da na ga jirgin nan kife, sai da na shafa bayansa lokacin da ka juya.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. Ka san abin da ya faru ranar 17 ga Agustan 2025, da jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Ka yi ta'aziyya, ni ma na yi. Don haka soson nan zai koma mazauninsa, sabo. Ba yaron da zai taka jirgin sai mun gwada shi mu biyu a ruwa iya gwiwa, kuma sai Sarkin Ruwa ya duba ya ce to. Kuɗin sharar da na saba ba ka kowace Muharram, bana kada ka sa rai, na sayi rigunan ceto huɗu da su. Na nemi mai faɗin da za ta zagaye tumbinka ban samu ba, sai dai a haɗa maka biyu.

Ina nan tafe ran Asabar da guduma biyu da alli da ƙusoshin gorar ruwa da sabuwar roba. Aikinka mai sauƙi ne: ka kwanta ƙarƙashi ka danne kan ƙusa da guduma ɗaya, ni ina bugu daga sama. Da ma can haka Allah ya tsara mu. Ladana balangu, na cinya, ba ganda da fincen da ka saba tura mini ba.

Af, na ji mai zuba tukwane ya zo sau biyu yana zagaya jirgin yana ƙwanƙwasawa, har ya taya. Kada ka sallama tukuna. In kuma ka riga ka karɓi kafin alƙalami, ka ce ya ware mini babbar, mai cin kan giwan ruwa.