Tumatir ɗaya, magada goma sha ɗaya

Ranar Talata aka tsinke mini tumatir. Guda ɗaya ne, kuma shi ke nan gare ni.

Wata biyu da rabi ina renonsa a bayan madafi, cikin rabin bidon da na yanke na cika da takin tumaki, kusa da buhun siminti biyu na yakuwa. Ruwan ma saye nake. Da na yi lissafi, kuɗin da ya ci sun isa in je kasuwar Maigatari ranar Alhamis in ciko kwando, har in sha rake a hanya.

Tun yana kore aka fara zuwa dubiya. Wata ta leƙa ta ce tubarkalla, na miyar Juma'arta ne. Wata ta aiko ɗiyarta: "Baba, wai in ji Inna, ya mai jiki? Ya fara ja?" Amaryar maƙwabci ta ce juna biyu gare ta, kuma duk Dungas ba abin da ranta ke so sai wannan. Wani dattijo da ko gyaɗa bai taɓa nomawa ba ya tsaya kansa ya ce na cika masa ruwa. Na ƙirga masu rabo a ciki, mutum goma sha ɗaya. Ko ni da na shuka, sai da aka sa baki na samu tumuni.

Yakuwar kuwa tuni aka yi mata aski. "A sam mana ganye biyu." Ganye biyu a unguwarmu reshe ne har saiwa. Ga fadamu nan ko'ina daga nan har Magarya, ga salati tuli a kasuwa, amma miya ba ta daɗi sai da gumin maƙwabci. Ka hana, a ce wane ya yi garka a bidon ya daina amsa sallama.

Wasu sun ce akuya ce ta tsinke tumatirin. Wace akuyar? Tun da aka ba mu namu departama a 2011 ban ga akuyar da ta yi ɓarna aka san mai ita ba. Marainiya ce wata goma sha ɗaya, tana cin tabarma, tana cin sabulu, ta taɓa cinye mini rasit ɗin haraji. Sai layya ta matso ka ga ubanta ya fito da igiya, yana cewa shi jika arba'in ma albarka.