Alhaji, Kashe Wa Tattabarun Nan Fitila

Na san tun daga taken nan wasu sun fara taɓe baki. Manomin albasa a Shanga zai ce, ga tsadar taki, ga kuɗin man injin ban-ruwa, amma barcin tattabara ne ya tsone wa wannan mutumin ido? Masunci a Wara zai ce shi kansa rabonsa da barcin kirki tun ranar da aka miƙa masa filafili, to wace ce tattabara? Na ji, kawu. Amma kai ne fa ka sayi tattabarun nan da kuɗinka, ka gina musu ɗaki, ka jera musu tukwane, sannan ka rataya musu fitilar sola a bakin ƙofa tana ci har asuba. Kuma kai ne ke zagaya gari kana cewa an yi musu baki, sun rame, ba sa zama a kan ƙwai.

Babu wanda ya yi musu baki. Barci ne ba sa samu.

A da ba mu da wannan matsala, kuma ba don wayonmu ba. Tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya cinye gungaye da gonaki, aka tashi mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa, domin ƙasa ta samu lantarki. Lantarkin ya kama hanya ya tafi birane, mu da ke bakin ruwan muka ci gaba da lalube. Idan akwai wanda ya ci ribar wannan duhu, to tsuntsayen gidajenmu ne. A yankinmu dare da rana kusan kunnen doki suke yi duk shekara, awa 12 ko kusa da haka, kuma abin da jikin tattabara ya saba da shi ke nan: magariba ta shige, asuba ta fito. Sai ga sola ta yi arha. Yanzu daga Yelwa har ƙauyukan Ngaski, tsakar gida fes da ƙarfe biyun dare, mai gida yana alfahari, tattabara tana zare ido.

Kada ka ce da bakina na ƙirƙira. A 2020 masu bincike a birnin Melbourne na Ostireliya suka kunna wa tattabaru haske irin na fitilun titi da dare, suna auna abin da ke gudana a ƙwaƙwalwarsu. Barcinsu ya ragu da kimanin awa 4 a dare, wanda suka samu ma a gutsuttsure. Sun gwada farin haske, sun gwada mai ja-ja, duk tattabarar ba ta tsira ba. Kai da ake kashe maka fitila kafin ka yi minshari, lissafa yadda za ka wayi gari in an zaftare maka awa 4 kullum.

Na hango wani Basarke yana murmushi, ya samo abin da zai kayar da ni. Zai ce, yaro, mu da muke kwana a kan ruwa, da kunnenmu muke jin kirinjijiya tana fito cikin tsakar dare, wane barci kake faɗa mana? Gaskiyarka, baba. Kirinjijiya, agwagwar dajin nan, da dare take yawan kiwo. Amma ka manta rabin labarin, ko kuwa ka ɓoye shi da gangan: da rana ina kake ganinta? A kan yashi, a jere, baki cikin gashi. Je wajen tsibiran Foge, waɗanda tun 2008 aka sa su cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci, ka ga yadda tsuntsayen ruwa ke rama bashin barci da hantsi. Ita ta raba lokacinta daidai da sana'arta, kamar dai kai. Tattabararka kuwa ma'aikaciyar rana ce, ba ta da wani lokacin ramuwa sai wanda za ta sata daga na kiwo.

Tun da agwagwa ta shigo zancen, bari in ba ka wani abin da za ka ƙaryata. A 1999 wani mai bincike, Niels Rattenborg, a jami'ar jihar Indiyana ta Amurka, ya jera agwagi huɗu a layi yana kallon barcinsu. Biyun tsakiya galibi ido duka biyu suke rufewa abinsu. Na gefe kuwa sai suka riƙa barci da ido ɗaya a buɗe, kuma idon da ke kallon waje, ɓangaren da maƙiyi zai ɓullo. Rabin ƙwaƙwalwa na barci, rabi na gadi. Abin da wannan ke nuna wa mai kiwo shi ne, tsuntsun da bai amince da makwancinsa ba rabin barci yake yi. Ɗakin da muzuru ke kai-kawo a kan rufinsa, gafiya na sintiri ta ƙasa, ko an kashe fitila an yi rabin aiki ne kawai.

Nan ne Hajiya za ta sa baki, ta ce ai don muzurun da maciji da ɓarayin unguwa aka kunna fitilar tun farko. Allah ya ƙara miki lafiya, Hajiya, amma yaushe muzuru ya fara tsoron haske? Abin da yake tsoro shi ne ƙofar da ta rufu ruf, da ragar ƙarfe a taga, da ɗakin da aka ɗaga daga ƙasa aka toshe ramukansa. Ɓarawo kuma, fitilar ma taimakonsa take yi ya zaɓi mai ƙiba. In dole sai an haska tsakar gida, a juya fitilar ta ba ɗakin tsuntsaye baya, ko a saki buhu a bakin ƙofarsu, a bar kafar iska ta sama. Buhun nan zai yi muku aiki biyu in hunturu ya kama, lokacin da sanyin tafki ke ratsa ƙashi.

Akwai kuma ɗan boko, wanda ya taɓa leƙa gidan gona a Birnin Kebbi ya dawo da ilimi. Shi hujjarsa ita ce ai masu kajin ƙwai wuta suke kunna musu. Haka ne, tsawon haske yana zuga jikin kaza ta yi ta saka ƙwai, shi ya sa suke kai shi awa 16 a yini. Amma tambaye su sauran awa 8 ɗin me suke yi. Kashewa suke yi. Mutumin da ke tatsar kaza don riba ma ya san iyakarsa, sai kai mai cewa don sha'awa kake kiwo.

Tattabara kuwa tana da tsarin da ko ma'aikatan asibiti sai su yi koyi. Ƙwai biyu take sakawa, kwanci kwana 18 ko kusa da haka. Namiji ya karɓi kwanci da hantsi har la'asar, mace ta karɓa ta kwana a kai. In 'ya'ya suka fito, uwa da uba duka suna fitar da wani farin abu mai kauri daga maƙoshinsu suna ɗura musu. Duk wanda ke dalle su da tocila cikin dare wai yana duba ko an ƙyanƙyashe, shi ke firgita mai gadin dare ta tashi daga kan ƙwai, ƙwai ya sha sanyi. Gobe a ce iri ne ba shi da kyau.

Masu aku ku matso, ban manta da ku ba. Akun nan mai toka-toka da jan wutsiya ba ɗan ƙasar Yauri ba ne, daga kurmin kudu ake kawo shi, kuma tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa saboda ya kusa ƙarewa. Wanda ya riga ya shigo hannu, shi da tsirya da kanari, suna son duhu da shiru na awa 10 zuwa 12. Amma ina aka rataye kejin? A falo, gefen talabijin, ana kallon ƙwallon Turai har sha ɗayan dare, janareta na ruri a bayan taga. Washegari ya yi ta ƙara, ya ciji yaro, ya fara fizge gashin jikinsa, a ce aku ya yi mugun hali. A fitar da shi daga falon tukuna a gani. Kada kuma a kai shi ɗakin da aka kunna maganin sauro mai hayaƙi ko aka fesa fiya-fiya. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba, shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari har zuwa 1986, in ya faɗi su gudu. Sauron bakin tafki gaskiya ne, har ƙuraje yana sa wa tattabaru a baki da ido, amma maganinsa raga.

Da rana ma a riƙa lura. Tsuntsun da ya tsaya da ƙafa ɗaya ya cusa baki a gashin bayansa, hutawa yake yi, a ƙyale shi. Wanda ya sauko ƙasa ya kumbura gashi, ya lumshe ido, gero a gabansa bai kula ba, wannan ba barci ba ne. A ware shi daga sauran, a nemi malamin dabbobi.

Na ajiye wanda zai fi ba ku haushi a ƙarshe. A 2023 masu bincike a Bochum ta Jamus suka koya wa tattabaru barci cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Suka tarar a wani mataki na barcin, sassan da ke kula da gani da waɗanda ke karɓar saƙo daga fukafukai suna aiki, har masu binciken suna kyautata zaton mafarkin tashi tattabarun suke yi. Na san a nan kawu zai ninke takardar ya ce ƙaryar ta isa haka. To ninke, amma kafin ka kwanta biya ta bayan gida ka kashe fitilar. Ka gwada daga wannan Juma'a zuwa ta sama. In ba su sake ba, sai ka mayar da ita, batirin dai naka ne.