Yadda Za Ka Lallashi Motar Tsere Idan Ta Fara Yi Maka Gardama

To, ƙanena. Ka tara kuɗi ka sayo Nissan 350Z, ko 'yar'uwarta Infiniti G35, mai giyar atomatik da injin V6 mai lita 3.5, wadda ta ci zamaninta a Amurka ta biyo jirgin ruwa ta iso hannunka. Tana tafiya lafiya lau, sai aka ce maka a majalisa ai motar nan ba ta da murya. Ka sa mata salansa mai faɗin baki, ka cire indomi, wato abin da ke tace hayaƙi, ka jefar da akwatin iska ka ɗaura jar matata, ka ƙara manyan tayoyi, wani yaro kuma ya zo da laftof ya yi wa ƙwaƙwalwarta lodi. Yau unguwa kaf ta san fitarka da dawowarka, amma in danja ta ba da hannu mai Adaidaita Sahu ne yake rigan ka tashi. Ka taka totur ta yi jim, sannan ta zabura. Ka tsaya ta hau kakkarwa. Giya kuwa in za ta shiga sai ta buga ka ji a ƙugunka.

Da farko ka fitar da maƙiya daga maganar. Ba sammu ba ne, ba kuma bakin maƙwabcin da ka hana barci ba ne, ko da yake yana da haƙƙi a kanka. Na biyu, ka toshe kunnenka daga hukuncin 'yan majalisa, domin kafin ka gama ba da labari wani zai ce giya ta tafi, alhali ko keke bai taɓa kwancewa ba. Giya ita ce mafi tsada a duk abin da za ka zarga, ita ce kuma aka fi yi wa ƙazafi. Na'urar da ke sarrafa ta tana karɓar bayani ne daga ƙwaƙwalwar inji: nawa aka taka totur, wane nauyi injin yake ɗauke da shi, ya yi zafi ko bai yi ba. In aka kai mata labarin ƙarya, dole ta canja giya a inda bai dace ba.

Ka nemi biro da takarda. Na san ba don rubutu ka sayi motar tsere ba, amma ka daure. Ka jera duk abin da ka canja bi da bi, ka sa alama a ranar da ciwon ya fara. Sau da yawa mai laifin yana tsaye daidai bayan alamar nan yana sosa ƙeya. Ka kuma lura da lokacin da abin ke tasowa: da sanyin safiya ne ko sai ta ɗau zafi, a tsaye tana silo ne ko sai ka danne totur, ko kuwa kana tafiya a miƙe wajen kilomita 70 zuwa 80 ne take rawar jiki. Makaniki na kirki zai yi maka waɗannan tambayoyin kafin ya ɗauki sufana. Wanda ya ji ƙararta daga nesa ya ce a sauke inji, ka gaishe shi da aiki ka wuce.

Sannan ka ɓare baƙin salatif ɗin da ka liƙa a kan fitilar gargaɗin inji. Tun 1996 kowace mota da aka sayar a Amurka tana da kafar OBD-II mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma ƙaramar na'urar da ke karanta ta a wayarka ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Ka rubuta lambobin da suka fito kafin kowa ya goge su, don akwai masu goge lamba su ce sun yi gyara. P0171 da P0174 suna nufin iska ta rinjayi mai. P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda. Sai dai lambar tana nuna inda ake jin ciwo ne kawai, ba ta ce ka tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ka sayo sabon abu ba. Ka duba kuma yawan gyaran da ƙwaƙwalwar ke yi wa mai. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi 1 na mai, in ka ga tana ƙara mai fiye da kashi 10 cikin ɗari don ta cike giɓi, to akwai iskar da ke shiga ba da saninta ba, ko kuma man ba ya isowa.

Yanzu mu zo kan jar matatar nan taka, domin a nan rabin rigimar take kwana. Tsakanin matatar iska da bakin totur akwai sensar da ake kira MAF. A cikinta akwai wani siririn abu da ake zafafawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya shi, da haka ƙwaƙwalwa ke sanin yawan iskar da ta shiga. Irin matatun nan na kwalliya da yawansu ana shafa musu mai, in aka cika hannu man yakan bi iska ya lulluɓe sensar, ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai. Daga nan lissafi ya rikice. Haka nan in bututun da ka sa ya fi na asali faɗi, sensar za ta riƙa auna iska da ma'aunin tsohon bututu, ta ba da rahoton da bai kai ba. Ka cire ta a hankali, ka fesa mata maganin da aka yi dominta, ka bar ta ta bushe. Ban da fetur, ban da tsumma, ban da yatsa, ban da hura mata iskar baki kana bismilla. Ka bi duk ɗaurin bututun da hannu, ka matse wanda ya saki.

Wani abu kuma, akwatin da ka jefar daga gaban mota yake zuƙo iska mai ɗan sanyi. Jar matatarka kuwa a cikin bonet take zaune kusa da inji, a watan Afrilu, ana zafin digiri 40 a Kano. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, ƙwaƙwalwar kuma in ta ji zafin sai ta ja da baya don kare injin. Ƙarar zuƙar da kake ji tana da daɗi, ban musa ba, amma ƙarfi ka rage. In akwatin yana nan a bayan ɗaki, ka kakkaɓe shi ka mayar na mako ɗaya ka gani.

In ka wanke bakin totur ko ka cire kan batir sai silo ya haukace, kada ka tsorata. Totur ɗin waɗannan motoci na lantarki ne, sai an sake koya masa matsayinsa. Mai babbar na'ura zai yi maka cikin minti kaɗan. In babu, akwai rawar ƙafa: mota ta yi zafi, an kashe AC da fitilu, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka jira daƙiƙa 3, ka taka totur ka saki sau 5 cikin daƙiƙa 5, ka jira daƙiƙa 7, ka danne har fitilar inji ta gama ƙiftawa ta tsaya, ka saki ka tayar. Ka riƙe agogo, kuma ka rufe ƙofar gareji, don duk wanda ya leƙo zai kai rahoto gida cewa motar ta taɓa ka.

Salansa ba ta da dogon bayani. Cire indomi zai kunna P0420 da P0430, ya cika wa na bayanka hanci da wari, yaran da ke gefen titi su shaƙa. Abin da ke lalata tafiya shi ne walda mai yoyo a gaban sensar hayaƙi: iskar waje ta shiga, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta yi ta ɗura mai, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Ka tayar da ita da sanyi, ka saurari tsit-tsit a wuraren haɗi, ka nemi baƙin tabo.

Akwai gyaran da ba kai ka nema ba, aka yi maka shi kyauta ranar da motar ta iso, wato cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin nan an yi shi ne ya yi aiki kusa da digiri 90. In ya ƙi kaiwa can, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai, giya ma ta jinkirta kamawa sosai a manyan giyoyi. Ga fetur da tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Ka mayar da tamostat, ka wanke lagireto, ka zuba ruwan da aka yi dominsa.

Lodin da yaron laftof ya yi maka shi ne ya fi ba ni tsoro. Motar tun daga masana'anta fetur mai babbar daraja take nema, galibin gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa. In aka ɗora mata lissafin da aka tsara don man Amurka mafi daraja, ka kuma haɗa mata da na 'yan bumburutu, za ka ji ƙara in ka taka a hawa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar fistin take ci. Ka ɗaga ƙafa nan take, ka nemo yaron ya mayar da lissafin asali. In ya ce bai ajiye ba, ka san da wanda kake hulɗa.

Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta huce ta tashi, a duba sensar kamshaf da ta karanshaf, sanannen rauni ne a wannan inji, lambobinsa P0340, P0345 da P0335. In silinda ɗaya ce ke tsallake, ka musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta, in ciwon ya bi kwayil ka kama ɓarawo ba ka kashe ko sisi ba.

Manyan tayoyin nan ma ba su kuɓuta ba. Motar tana kwatanta gudun tayoyin gaba da na baya, in ka ɓata tazarar tsayinsu sai ta ɗauka santsi take ja. Fitilar SLIP ta hau ƙiftawa, ta yanke maka ƙarfi a kan busasshiyar kwalta, kai kuma kana zagin giya.

Sai an wanke duk waɗannan sannan a kira giya gaban alƙali. A auna manta mota na aiki, ta yi zafi, a wuri mai daidai. Ja ne mai haske ko ya yi duhu yana ƙauri? Irin wanda aka rubuta mata aka zuba, Matic J ko magajinsa Matic S, ko kuwa duk jan man da aka samu a shago? Man da bai dace ba shi kaɗai yana sa rawar jiki a tafiyar miƙe. In ka ƙara wa inji ƙarfi da gaske, ka ƙara wa giya abin sanyaya mai, don zafi ne ajalinta. In kuma inji na kuka mota ba ta gaba, ga ƙauri, ga baƙin gari a cikin man, to wannan karon 'yan majalisa sun canka, ka shirya aljihu.

Duk abin da za ka taɓa, ka taɓa ɗaya, ka gwada, ka rubuta, sannan ka matsa. Wanda ya canja abu biyar rana ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba. Tsofaffin kayan da ka cire kada ka bari 'yan gwangwan su tafi da su, da su za ka gane gaskiya. Gwajin kuma ka ɗauki abokinka ya riƙe waya yana karanta lambobi, kai idonka na kan hanya, bel a ɗaure. Don Allah, ƙanena, kada ka gwada ta a cikin unguwa, ko a bakin makaranta, ko a ayarin kai amarya. In ta warke ka rage wa salansar nan murya, akwai tsofaffi da masu jego a layinku.