Ni da Saksafon da Ragon Maƙwabci

Saksafon na gwanjo na saya a Sabon Garin Kano, irin matsakaicin nan da ake kira alto, na rungumo shi gida kamar wanda aka kai wa amarya. Muryoyin sama suna fita tas. Amma da na gangaro ƙasa sai abin ya kama kakari, ragon layyar maƙwabcina kuma ya amsa daga bayan katanga. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Maiɗakina ta ce, "Maigida, ko za ka leƙa ku gaisa ne? Da alama ya ji muryar ɗan'uwa."

Wani abokina da ke busa a cocinsu ya ce iska ce ke zurarewa, in duba mahaɗar wuya. Shi wuyan saksafon cire shi ake yi: lanƙwasasshen bututu ne da gindinsa ke shiga bakin gangar jikin, a ɗaure da ɗan sukuru. In gindin nan ya yi sako-sako, ko da kaurin gashi ne, muryoyin ƙasa ke fara jin jiki, don su ba sa fita sai kowace kafa ta toshe.

Na ce ashe ɗauri ne kawai. Na ɗauko filaya na murɗa, na ƙara murɗawa, sai na ji ƙas! Kan sukurun ya gangara ƙarƙashin gado, har yau yana can.

A nan ne basira ta zo mini. Duk garin nan wa ya kai mai faci sanin inda iska ke bi? Na bakin titinmu ya juya abin a hannu, ya ce, "Oga, tayar tirela ma ba ta gagare ni ba, balle algaitar Turawa." Ya cusa tsumma a bakin ƙahon, ya tsunduma shi cikin rabin duron nan na baƙin ruwa, ya ce in hura. Na durƙusa a gefen titi, 'yan acaɓa sun yi mini zobe, na hura iyakar ƙarfina. Kumfa ya taso ta ko'ina. Ya girgiza kai. "Oga, ai rariya aka sayar maka."

Abin da ni da shi ba mu sani ba, ƙofofin nan ashirin da ɗoriya kowace da ɗan matashinta na fata mai laushi. Suka sha ruwa suka ƙoshi, kwana biyu suka bushe suka ƙandare kamar ganda.

Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda. Ya saurari labarina bai ko murmusa ba. Ya zura wuyan a mazauninsa ya girgiza, ya ji yana ƙwal-ƙwal.

"Yaro, sukuru ba ya tare iska. Aikinsa ya hana wuya juyawa. Gindin ne ya kamata ya zauna daram tun kafin a ɗaure."

Ya sa gindin a wani ɗan ƙarfe mai buɗa bututu, ya murza kaɗan, ya gwada, ya sake murzawa, ya sake gwadawa. Minti goma, wuya ya shige cif.

Na ce, "Baba, shi ke nan?"

"Na wuya shi ke nan. Saura naka." Ya nuna fatun. "Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da ya yi wa abin nan rajista a Faransa a 1846, ya sha shari'a da mahassada. Amma ko cikinsu ba wanda ya yi tunanin duron mai faci."

Mako biyu ya yi yana sauya fatu, kuɗin kuwa ya haura rabin abin da na sayi ƙahon. Ranar da na karɓo, na tsaya tsakar gida na saki muryar can ƙasa, na kasa kunne. Bayan katanga tsit. Na dubi maiɗakina ina hura hanci.

"Kin ji ko? Yau bai amsa ba."

"Maigida, ai tun ranar Sallah aka yanka shi. Soyen da ka ci jiya ma nasa ne."