Taubashi Ya Ɗaura wa Ingarma Akumari

Taubashi, barka da cinikin albasa. Labari ya iske ni har Illela tun ƙurar motarka ba ta kwanta ba: ka tattara kuɗin albasar Galmi, ka tsallaka Sakkwato, ka dawo Ƙonni da kwamfuta dal a kwali. Na ce madalla, yau gidan kawu an waye. Ashe da sauran rina a kaba. Kwana biyu tak ta yi a hannunka, ka rungume ta a bayan kabu-kabu sai shagon mai gyara, wai a cire Windows 11 da ta zo da ita a zuba maka Windows 7, don ita ka sani tun kana biyan kuɗin awa a sibar.

Ingarma ka saya, ka kwance masa sirdi ka ɗaura masa akumarin jakin kaka.

Yaron shagon ya ba ni labari yana share hawayen dariya. Ya soka kilen USB, aikin ya fara, sai na'ura ta tsaya cak ta ce ba ta ga direba ba. Kai kuwa ka gyara hula ka ce, "Wane direba? Ai da kabu-kabu na zo." Allah ya shirya mana kai! Direban nan tafinta ne, 'yar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da kayan cikin na'ura. Windows 7 ta fito a Oktoban 2009, ba ta san kafar USB 3.0 ba, ba ta san sabon rumbun ajiya ba, kuma masu ƙera kayan sun daina rubuta mata tafinta. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce daga ƙwaƙwalwar Intel zubi na 7 zuwa sama, da Ryzen na AMD, ba ruwansa da wanda ya ɗora musu ita.

Yaro ya kutsa cikin BIOS, ya kashe Secure Boot, ya yi ta dabarunsa har aka kira isha'i. Da ta tashi, ta tashi kurma: ba sauti, ba wifi, linzami ba ya motsi, haruffa kuwa ɓaro-ɓaro kamar rubutun buhun simintin Malbaza. An ce duk da haka ka washe baki ka ce, "Yawwa, yanzu na ga gida."

Gidan ne, amma ba ƙyaure. Tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ya daina toshe wa irinmu ɓarakar Windows 7. Ko ƙanwarta Windows 10 an sallame ta ranar 14 ga Oktoban 2025, balle tsohuwa. Chrome ma ya yi mata bankwana a farkon 2023, ya tsaya a lamba 109. Ka tuna WannaCry a Mayun 2017, cutar da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da majinyata gida? Akasarin waɗanda ta kama Windows 7 ne da ba a sabunta ba. Kai kuma ga ka a Ƙonni, inda kile ɗaya ke zaga unguwa yana kwasar wa'azi da kiɗan biki, wane ya soka, wane ya zare. Lissafin albasarka za ka ajiye a nan?

Na bincika abin da ya kore ka daga sabuwar. Ba komai ba ne illa maɓallin farawa da aka ɗauke daga kusurwar hagu aka kai tsakiya. Taubashi, an gusar da randa daga bakin ƙofa, sai ka rushe ɗakin! Da ka tambaye ni, a saituna ake mayar da shi hagu kafin shayi ya huce. Inda kake da gaskiya ɗaya ne: sabuwar akwai cin mega, ka saya da safe, azahar ta lashe wajen sabunta kanta. Wannan ma akwai takunkuminsa, sai ka gaya mata intanet ɗinka na awo ne, ta rage haɗama.

To, sa'arka ɗaya. Lasisin Windows 11 ɗin da ka biya yana nan liƙe a cikin allon na'urar, gogewar yaro ba ta kai can ba. Kawo ta Illela in mayar mata da sirdinta. Ladana buhun albasa guda, ja mai kyau, ba ragowar rumbu ba, kuma ba ya cikin lissafin kuɗin shara.

Ka gaishe min da kawu. In za ka taho, ka zo da direba.