Ɗalibin Musaya a Jamus: Siffofinsa da Ɗabi'unsa

Ɗalibin musaya shi ne wanda jami'arsa ta ba wata jami'a ta ƙasar waje aronsa na zango ɗaya ko biyu, bisa sharaɗin za a dawo da shi lafiya. A Jamus da yawansu kan shigo ta shirin Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, ko da tallafin hukumar DAAD da aka kafa a 1925. Nau'in da ya fi daɗin nazari shi ne wanda ya taso daga Kano ko Zariya ya sauka Hamburg a watan Oktoba, daidai farkon zangon hunturu.

Tun daga filin jirgi ake gane shi. Cikin kilo 23 na akwatinsa tufafi ne mafi ƙaranci, saura kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yajin da Hajiya ta daka da hannunta. Kilishi kuwa a hannun jami'in kwastan ake ban kwana da shi, domin doka ta hana matafiyi shigo da nama daga wajen Tarayyar. Wasu har zango ya ƙare ba su gama jimamin wannan rashi ba.

Darasinsa na farko takarda ce. Dole ya yi rajistar adireshinsa a ofishin hukuma cikin kwana 14, rajistar na buƙatar takardar mai gida, wasu bankunan kuma ba sa buɗe asusu sai sun ga ta rajistar. A nan yakan ɓata mako guda yana cigiyar wanda ya san wani a ofishin, kafin ya gane ba shi da kawu a Hamburg. Da ya gama sai wasiƙa ta iso da sunansa. Yakan buɗe ta da murna, ya tarar kuɗin rediyo da talabijin ake nema, yuro 18.36 kowane wata a kan kowane gida, ko da ko akwatin rediyo babu a ɗakin.

A aji, in farfesa ya kammala lacca, ɗalibai kan ƙwanƙwasa tebur maimakon tafi. Baƙon da ba a gargaɗa ba yakan fara neman ƙofa. Akwai kuma tsohuwar al'adar fara lacca bayan minti 15 da lokacin da aka rubuta. Wannan ce kaɗai al'adar da yake runguma rana ɗaya, har ya faɗaɗa ta zuwa tashar bas da ganin likita, inda ba a san da ita ba.

Babban fagen gwaji dai shi ne gidan haɗaka, inda ɗalibai ke raba kicin da firji, kowa da kantarsa. Abokin zamansa yakan zauna gabansa ya cinye abinci tas ba ko tayi. Shi kuwa ranar da ya tuƙa tuwon samolina ya ce bismillah, don kara kawai, yana jiran a ce masa alhamdu lillahi, sai Bajamushe ya ɗauko cokali ya ja kujera, har ya nemi ƙari. Daddawa takan jawo taron gaggawa na mazauna gida. Hirar waya da Hajiya, wadda ba a yin ta sai da ƙarfi kamar ana kiran mutum daga ƙetaren gona, takan jawo takarda ta ƙarƙashin ƙofa mai tunatar da shi cewa daga ƙarfe 10 na dare lokacin shiru ne. Shara kuma sai an tsefe ta: takarda daban, leda daban, ragowar abinci daban, kwalba ma fara da koriya da ruwan ƙasa kowace da mazubinta. Saurayin da a gida ko kwanon da ya ci ba ya ɗagawa, ga shi da jaka cike da gorunan roba zuwa kanti, saboda kowace ana mayar masa da santi 25. Cewa kantuna na rufe ran Lahadi, yunwa ce ke koya masa.

Duk wannan ba ya fitowa a hoto. Abin da ke fitowa shi ne ƙanƙarar farko, da kwat, da murmushin da aka riƙe haƙora na kaɗawa. Dangi na gani a WhatsApp su yanke hukunci cewa yaro ya samu duniya. Saƙo ya fara shigowa: "Yaya, a taimaka da iPhone ko ta hannu ce." Yakan karanta shi ne tsaye gaban tumatir, yana juya farashi zuwa naira.

Bayan dawowa, yakan yi 'yan makonni yana duba agogo a wurin ɗaurin aure, kowace magana kuma ta fara da "lokacin da muke Jamus". Takardar sakamako kan biyo baya. A tsarin Jamus maki 1.0 ne ƙololuwa, 5.0 kuma faɗuwa, akasin yadda aka saba a jami'o'in Najeriya. Saboda haka ɗalibin da ya ciyo 1.3 yakan shafe yammaci guda a falon Alhaji yana amsa tambayar abin da ya je yi a can.