Baƙon Da Ba Ya Cikin Takardar Gayyata

A duk taron bita akwai uban taro, akwai babban baƙo mai jawabi. Amma wanda ake jira da gaske bai fi ɗan yatsa tsawo ba. Adafta ke nan.

Majigin zauren dattijo ne. VGA kawai ya sani, mai shuɗin kan nan da allurai 15, wanda IBM ta fito da shi tun 1987. Kwamfutar Dakta mai jawabi kuwa 'yar yayi ce, siririya, ramin USB-C kaɗai gare ta. Ko gaisawa ba sa yi.

Sai a shiga cigiya. "Jama'a, wa ke da adafta?" Farfesoshi su hau laluben jaka. A samo na HDMI, a ce ai shi ma sai an nemo masa nasa. A jona wannan a gindin wancan, su yi jerin gwano suna reto a bakin tebur. Bango ya yi shuɗi. A hura rami, a sake murɗa ƙusa, wani ya ba da fatawar a kashe a kunna.

Can hoto ya fito, har da tafi. Sai a tuna VGA ba ya ɗaukar sauti. Mutumin cikin bidiyo na ta motsa baki, mahalarta na ta gyaɗa kai don ladabi.

Mai adaftan fa? Wani ɗalibi ne a kujerar baya, kuma yana da lacca ƙarfe 12. Don Allah masu shirya taro, ku riƙa sa shi cikin masu karɓar kuɗin zama, sama da sunan Dakta.